Tsabar Kuɗi Mai Rubutu Biyu: Gado Ne Ko Tabo?

A shekarar 1955, a gidan buga tsabar kuɗi na birnin Filadelfiya da ke ƙasar Amurka, wani inji ya kwana yana buga senti da hatimi mai aibi. Senti shi ne kuɗi mafi ƙanƙanta a wannan ƙasa, guda ɗari ke yin dala ɗaya, kuma tun 1909 yake ɗauke da hoton Shugaba Abraham Linkon. Kafin ma'aikata su farga, an buga kimanin guda 40,000. Waɗanda aka tarar a bakin injin an lalata su, amma tsakanin 20,000 da 24,000 sun riga sun gauraya da ɗimbin lafiyayyun da sauran injuna suka buga. Shugabannin gidan suka ga narkar da tarin duka saboda waɗannan 'yan kaɗan asara ce, ga shi kuwa ana bukatar canji ƙwarai a lokacin. Sai suka bari aka fitar da su kasuwa.

Aibin nan ba ɓoyayye ba ne. Duk mai ido zai ga shekarar 1955 da kalmar LIBERTY da taken da ke saman kan Linkon sun fito sau biyu, ɗaya a gefen ɗaya, kamar yadda mai jiri ke ganin rubutu. An ruwaito cewa da yawa daga cikinsu sun bayyana ne a jihohin Masachusets da Niyok, a cikin kwalin taba. A wancan zamani ana sayar da kwali senti 23, injin sayarwa kuwa tsabar senti 25 kaɗai yake karɓa, saboda haka 'yan kasuwa kan cusa senti biyu a ƙarƙashin ledar kwalin a matsayin canji. A yau ko wanda ya sha hannu daga cikin waɗannan senti yakan haura dala dubu ɗaya, kuma an sayar da mafi kyawunsu a gwanjo a kan abin da ya wuce dala dubu ɗari.

Labari irin wannan shi ke sa duk wanda ya ga inuwar rubutu a jikin tsohuwar tsaba ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Amma kama da wane ba wane ba ne. Mafi yawan ninkin da ake gani a jikin tsaba ba ya ƙara mata ko anini. Bambancin kuwa ya ta'allaƙa ne ga tambaya guda: a ina ninkin ya samo asali? A jikin hatimi ne, ko kuwa a lokacin da ake buga wannan tsaba ita kaɗai? Domin amsa wannan, wajibi ne a fara sanin yadda ake ƙera tsabar kuɗi.

Daga uwa zuwa hatimi, daga hatimi zuwa tsaba

Ba zuba tsabar kuɗi ake yi a narke ba, buga ta ake yi. Ana yanko ƙananan faya-fayan ƙarfe marasa zane, a sa kowane a cikin wani zobe mai riƙe gefensa, sa'an nan hatimai biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, su matse shi da ƙarfin da ya kai nauyin tan gomiya. A ƙarƙashin wannan matsi, ƙarfen faifan yakan malala, ko da yake a sanyaye yake, ya cika ramukan zanen da ke jikin hatimi. Saboda haka zanen da ke jikin hatimi a lotse yake kuma a juye, kamar na hatimin ofis, na jikin tsaba kuwa ya fito a tashe, a daidai. Injunan zamani kan buga har tsaba 750 a minti guda, hatimi ɗaya kuma yakan buga dubban ɗaruruwa kafin ya gaji.

Tun da yake gidan Filadelfiya kaɗai ya buga senti sama da miliyan 330 a 1955, a fili yake cewa ana bukatar hatimai masu yawan gaske, kuma dole su zama iri ɗaya sak. Ba a sassaƙa kowanne da hannu. Akwai wani sandan ƙarfe da ke ɗauke da zanen a tashe, kamar yadda zai fito a jikin tsaba, wanda za a kira shi uwar hatimi a wannan maƙala. Ita ake dannawa a kan sabon ƙarfe ta bar gurbinta, sai ya zama hatimi.

A nan ne matsalar take. Kowane maƙeri ya san cewa ƙarfe yana ƙara tauri idan ana dukansa a sanyaye, har ya kai inda ba ya ƙara miƙuwa sai an mayar da shi wuta. Haka ƙarfen hatimi yake. A tsohuwar hanya, danni ɗaya ba ya isa ya fitar da zanen sosai. Sai a cire hatimin, a gasa shi, a bar shi ya huce sannu a hankali domin ya yi laushi, sa'an nan a mayar da shi ƙarƙashin uwar a sake dannawa, wani lokaci fiye da sau biyu. In an mayar da shi daidai inda yake, danni na biyu yakan faɗa cikin gurbin na farko ya zurfafa shi. In kuwa ya ɗan karkace, ko da ƙasa da kaurin gashi ne, sai a sami gurbi biyu a jikin hatimi guda. Wannan shi ne ninkin hatimi, kuma shi ne abin da ya faru a 1955.

Gado da tabo

Ɗalibin ilmin halittu zai ga wani abin da ya saba da shi a nan. Uba mai tsaga a fuska ba ya haifar ɗa da tsaga, sai an kira wanzami. Tsaga abu ne da ya sami fatar mutum guda, ba ta taɓa ƙwayoyin gadonsa ba. Masanin nan na Jamus, August Weismann, ya gwada haka a shekarun 1880, inda ya riƙa yanke wutsiyar ɓeraye har tsatso biyar a jere, amma duk ɗan da aka haifa da wutsiyarsa ya zo. Ciwon sikila kuwa daban yake. Shi sauyi ne a cikin ƙwayar gadon da ke sarrafa jan sinadarin jini, wato a cikin abin da ake kwafowa, shi ya sa yake bin zuriya.

Ninkin hatimi kamar sauyin ƙwayar gado yake. Aibin yana cikin abin da ake kwafowa, don haka duk tsabar da wannan hatimi ya buga, daga ta farko har ta ƙarshe, za ta fito da ninki iri ɗaya, a wuri ɗaya, da faɗi ɗaya. Senti dubu ashirin da wani abu na 1955 tamkar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Wannan ne ya sa ake iya ba su suna da lamba, a ɗauki hotonsu a sa a kundi, a kuma gwada kowace sabuwar da aka tsinta da wannan hoto. Sauran nau'o'in ninki da za a ambata nan gaba, galibinsu tabo ne: haɗari ne da ya sami tsaba a lokacin bugu, ba ya maimaituwa daidai wa daida. Misalin yana da iyaka, domin tsaba ba ta haihuwa. Amma ka'idar ɗaya ce: kuskure a cikin abin kwafi yana yaɗuwa, kuskure a jikin kwafi ɗaya yana tsayawa a kansa.

Akwai wani abin lura a sentin 1955 wanda lissafin aji uku ya isa ya bayyana shi. Rubutun da ke kusa da baki ya ninku ƙwarai, amma fuskar Linkon da ke tsakiya kusan lafiyarta lau. Dalili shi ne, hatimin juyawa ya yi a kan cibiyarsa tsakanin danni biyu, kuma idan faifai ya juya, abin da ke nesa da cibiya ya fi yin tafiya. Faɗin senti milimita 19 ne. A ɗauka, alal misali, an sami juyin digiri ɗaya tak. Harafin da ke milimita 8 daga cibiya zai gusa da kimanin milimita 0.14, wanda kuwa ke milimita 2 daga cibiya zai gusa da milimita 0.035 kawai. Idon ɗan Adam, a nisan karatu, da ƙyar yake rarrabe abin da ya gaza milimita 0.1. Ke nan na farko zai ganu, na biyu sai da madubi. Juyi ba shi ne kaɗai hanyar karkacewa ba. Hatimi na iya zamewa gefe guda, ko ya jirkice, ko ya ɗan canza girma a wurin gashi, kuma masana wannan fanni sun kasa ninkin hatimi gida takwas bisa irin waɗannan dalilai.

A ƙarshen shekarun 1990 gidajen buga kuɗi na Amurka suka koma yin hatimi da danni guda mai ƙarfi, da nufin kawar da wannan aibi. Bai kau ba gaba ɗaya, sai dai ya sauya mazauni. Yanzu yakan fito ne kusa da tsakiya, inda uwar ke fara taɓa ƙarfen kafin ta zauna daram. Shi ya sa aka sami sentin 2009 da hannun Linkon ya fito da alamar ƙarin yatsa, da tsabar senti 25 ta jihar Minesota ta 2005 mai alamar ƙarin itace.

Masu kama da shi

Babban mai ruɗin mutane shi ne ninkin inji. Idan hatimi bai ɗauru tam ba a cikin inji, to a daidai lokacin da ya gama bugu zai tashi, yakan yi ɗan tsalle ko ya zame, ya goge gefen harafin da ya gama fitarwa. Ƙarfen da aka goge yakan kwanta ya zama wani ɗan shimfiɗaɗɗen dakali a gefen harafi. Wanda bai sani ba sai ya ce harafi na biyu ne. Alhali kuwa yanki ne na harafin farko da aka danne.

Daga wannan bayani alamomin rarrabewa suke fitowa da kansu, ba sai an haddace ba. A ninkin hatimi an ƙara gurbi ne, saboda haka harafi yakan fi na kullum kauri, siffa ta biyu tana da tudu da ƙundu kamar ta farko, akwai ɗan kwari a tsakaninsu, kuma kusurwoyin haruffa da lambobi sukan tsage biyu kamar harshen maciji. A ninkin inji kuwa an rage ne. In aka haɗa harafin da dakalinsa, faɗinsu bai wuce na lafiyayyen harafi ba, ainihin harafin ma ya sirance. Dakalin a baje yake, ƙasa da harafin, sau da yawa yana ƙyalli saboda gogar da ya sha, kusurwoyi kuma ba su tsage ba. Ninkin inji yana da yawa ainun, kuma masu tara tsoffin kuɗi ba su biyan kome a kansa.

Na biyu shi ne ninkin tsufa. Hatimin da ya buga dubban ɗaruruwan tsaba yakan zaizaye a gefen ramukansa, musamman ta ɓangaren da ke fuskantar baki, inda ƙarfe ke kwarara. Sai haruffa su fito da wata inuwa mai kumburi marar tsari. Abin dariya shi ne, a cikin sentin 1955 ɗin kansa akwai masu irin wannan inuwa a jikin lamba 5 ta ƙarshe, har 'yan kasuwa suka laƙaba musu suna ninkin talaka. Darajarsu ba ta taka kara ta karya ba.

Na uku ya shafi sentin da aka buga daga 1982. Kafin wannan shekara, kashi 95 cikin ɗari na senti jan ƙarfe ne, nauyinsa giram 3.11. Da jan ƙarfe ya yi tsada sai aka koma yin cikinsa da tutiya, a lulluɓe shi da siririn jan ƙarfe, nauyin ya sauko giram 2.5. Wannan lulluɓi yakan yage a gefen haruffa lokacin bugu, tutiyar ta leƙo fari-fari, ta yi kama da ninki. Shi ma ba kome ba ne. Akwai kuma tsabar da ta maƙale a inji aka sake bugunta karo na biyu. Wannan kuskure ne na gaske mai nasa masoya da nasa farashi, amma kowace ɗaya da irin tata siffar, kuma bugu na biyu yakan murƙushe zanen farko, ba ya zama a gefensa lafiya.

Yadda ake dubawa

Kayan aikin ba su da yawa: madubin hannu mai ƙara girma sau goma, irin wanda ake duba sassan fure da shi a ɗakin gwaji, da fitila guda, da ma'auni mai auna giram. Fitila ɗaya ta fi biyu, domin haske daga wurare da yawa yakan haifar da inuwoyin da ke kama da ninki. A riƙe tsaba ta gefenta, a juya ta a hankali a ƙarƙashin hasken. Ninkin da ya ɓace da an juya, na haske ne. A ajiye lafiyayyar tsaba ta wannan shekara a kusa domin gwada kaurin haruffa, kamar dai yadda ba a yin gwaji a kimiyya sai da abin kwatance.

Akwai wata dabara mai kyau da ta shafi alamar gidan bugu. Tsabar Amurka kan ɗauki harafin D in a Denba aka buga ta, ko S in a San Faransisko ne, kamar yadda wasu tsoffin kwabban Afirka ta Yamma masu huda ke ɗauke da H ko KN, alamun masana'antu biyu na Birmingham a Ingila. Har zuwa 1989, da hannu ake buga wannan harafi a jikin kowane hatimin senti, bayan an gama danna shi da uwa. Ke nan ninkin da ya faru a wurin danni ba zai shafe shi ba. In aka ga sentin wancan zamani wanda shekararsa da harafin gidan bugunsa duk sun ninku ta fuska ɗaya, to a zargi inji.

Mataki na ƙarshe shi ne gwadawa da kundi. Akwai littattafai irin su Cherrypickers' Guide da ke ɗauke da hotunan sanannun hatimai masu ninki, kowane da lambarsa. Ban da ninkin kansa, kowane hatimi yana da 'yan ƙananan ƙarce da tsaguwa da suka keɓanta da shi, tamkar zanen yatsa. Sentin 1955 na ainihi, alal misali, yana da wasu siraran layuka da suka sauko daga hannun hagu na harafin T a kalmar CENT da ke bayansa. Mai yin jabu yakan kwaikwayi babban ninkin da kowa ke kallo, ya mance da waɗannan.

Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan ka'ida duka da abin da bai wuce yumɓu da kyandir ba. A danna tsohon kwabo a kan yumɓu mai laushi, a ɗaga, a ɗan juya shi kaɗan, a sake dannawa. Kwabon shi ne uwa, yumɓun shi ne hatimi. In ya bushe, a shafa masa ɗan mai, a zuba narkakken kyandir, a ɓamɓare, a maimaita sau biyar. Duk biyar ɗin za su fito da ninki iri ɗaya, kuma ya fi faɗi a baki. Sa'an nan a yi wani hatimin da danni guda, a zuba kyandir, a goge gefen harafi ɗaya da bakin reza. Ɗalibi zai ga dakali da idonsa, ya kuma ga cewa kwafi na gaba bai gaje shi ba.

Ninki na gaske ma daraja-daraja ne

Tabbatar da cewa ninkin hatimi ne ba ya nufin an yi arziki. An rubuta dubban hatimai masu ninki, galibinsu sai da madubi ake ganinsu, kuma ba su wuce 'yan daloli ba. Abin da ke kawo tsada shi ne haɗuwar abu uku: ninkin ya fito baro-baro, adadin ya yi ƙaranci, masu nema su yi yawa. In aka raba senti miliyan 330 na 1955 da adadin masu ninki, za a ga guda ɗaya ne a cikin kimanin dubu goma sha huɗu zuwa sha shida. Na 1958 guda uku kacal aka sani, kuma a watan Janairu na 2023 an sayar da ɗaya a kan sama da dala miliyan ɗaya. Na 1995 kuwa, wanda ninkinsa na gaske ne kuma ana ganinsa, an tsinci masu yawan gaske tun suna sababbi, don haka bai wuce daloli 'yan gomiya ba.

Sentin 1969 mai harafin S yana da labari na musamman. Ya bayyana ne a daidai lokacin da ake farautar wasu da suka ƙera jabun senti mai ninki na wannan shekara, sai jami'an Amurka masu yaƙi da jabun kuɗi suka ƙwace wasu na ainihi bisa zaton jabu ne, har aka lalata kaɗan daga ciki kafin a gano gaskiya. Waɗanda aka sani a yau ba su kai ɗari ba, kuma a Janairun 2008 an sayar da ɗaya a kan dala 126,500. In har jami'an gwamnati za su ruɗe, ina ga mai saye da ke nesa? Wannan ce ta kawo maganar tantancewa.

Kai wa masu tantancewa

Sayen tsaba mai tsada daga wanda ba a sani ba cinikin biri a sama ne. Domin magance haka, ƙungiyar masu tara kuɗi ta Amurka ta kafa sashen tantancewa mai suna ANACS a 1972. Daga baya kamfanonin PCGS a 1986 da NGC a 1987 suka shigo da tsarin da ake bi yanzu: ƙwararru su duba tsaba, su ba ta maki, a rufe ta ruf a cikin kwanson roba mai garai-garai, tare da takarda mai ɗauke da sunanta da makinta da lambar rajista.

Makin daga 1 ne zuwa 70. Tsabar da ta goge har da ƙyar ake gane ta ita ce 1, daga 60 zuwa 70 kuwa na waɗanda ba su taɓa shiga hannun jama'a ba ne. Dakta William Sheldon ne ya fito da wannan sikeli a 1949, kuma asalinsa farashi ne: a ganinsa, sentin 1794 marar aibi ya ninka mafi lalacewa sau saba'in a kuɗi. (Wannan Sheldon ɗin dai shi ne ya kasa jikin 'yan Adam gida uku, ya ce kowane da irin halinsa, ra'ayin da kimiyya ta daɗe da yin watsi da shi. Sikelinsa na kuɗi ya fi na mutane tsawon rai.) Ga tsabar jan ƙarfe ana kuma ƙara bayanin launi, ja ko ja-ja ko ƙasa-ƙasa, domin jan ƙarfe yana haɗuwa da iskar oksijin da sinadaran farar wuta da ke cikin iska ya yi duhu, kuma wanda ya riƙe jansa na asali ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Ya kamata a lura cewa tambayoyi biyu ne mabambanta kamfanin ke amsawa. Ta farko, shin tsabar ta ainihi ce, kuma daga wancan hatimi ta fito? Wannan tambaya ce mai amsa guda, ana warware ta da nauyi da awo da alamomin hatimi, kuma a nan ƙwarewarsu ta cancanci kuɗinta. Ta biyu, maki nawa ta ci? Wannan hukunci ne na ido, ba awo ba ne irin na ma'aunin zafi. Sanannen abu ne cewa tsaba guda kan iya samun 64 yau, a fasa kwanson a sake aikawa ta sami 65, alhali tazarar farashi tsakanin makin biyu na iya zama dubban daloli. Lamba a kan takarda takan sa mutum ya ɗauka an auna ne, alhali an kimanta ne. Ɗalibin kimiyya ya kamata ya riƙa tambayar kowace lamba ya gani: in an maimaita, ita za a sake samu?

Ko aikawa na da riba? Lissafi ne. Akwai kuɗin rajistar shekara, da kuɗin duba kowace tsaba, da ƙarin kuɗi in ana so a rubuta nau'in ninkin a takarda, da kuɗin aikawa da dawowa, da inshora. A ɗauka, don misali kawai, duka sun tashi dala 60. Ga sentin 1995 mai darajar dala 30, an kashe biyu don a tabbatar da ɗaya. Ga sentin 1955 mai darajar dala 1,500 kuwa, kashi huɗu ne kacal cikin ɗari, kuma ba tare da shi ba da wuya a sami mai sayen da zai biya cikakken farashi, saboda yawan jabunsa. Ga tsaba mai ninkin inji, asara ce tsantsa: za ta dawo a kwanso mai kyau, darajarta tana nan senti ɗaya. Wanda kuma yake zaune nesa da ofisoshin waɗannan kamfanoni, a Kano ko Damagaram, kuɗin aikawa ƙetare da haɗarin ɓata a hanya za su ƙara ɗaga mizanin da tsaba za ta kai kafin ta cancanci tafiya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a mayar da kamfanin tantancewa wurin tambaya, wato a aika don a ji ko an dace. Aikin ganewa na mai tsaba ne, da madubinsa da kundinsa, kuma kyauta ne. Sai bayan ya ga tsagaggun kusurwoyi, ya dace da hoton wani sanannen hatimi, ya ga alamominsa, ya kuma bincika nawa aka sayar da irinta a gwanjo, sa'an nan maganar biyan kuɗi ta taso.

Kafin nan, kada a wanke ta. Mutum yakan so ya goge tsohuwar tsaba da toka ko lemun tsami don ta yi ƙyalli, amma tsamin yana cinye fatar ƙarfen, tokar kuma tana barin ƙananan ƙarce da ƙwararre ke gani nan take. Tsabar da aka wanke, kamfanonin ba su ba ta maki, sai dai su rubuta cewa ta ainihi ce amma an taɓa ta, farashinta kuma ya faɗi warwas. Haka nan kada a ɗora yatsa a fuskarta, domin gishiri da maiƙon gumi sukan bar zanen yatsa a jikin jan ƙarfe wanda ba ya fita.

Mai saye shi ma da sauran aiki a gabansa, domin 'yan damfara sun kai ga ƙera jabun kwanson da takardarsa. Manyan kamfanonin suna da rumbun bayanai a intanet inda ake shigar da lambar rajista a ga abin da aka rubuta a kanta, sau da yawa har da hoton tsabar. Lambar kaɗai ba ta isa ba, tun da ana iya kwafe ta. Sai a gwada hoton da abin da ke hannu, ƙarce da ƙarce, ɗigo da ɗigo. Tun da kuma Amurka ta daina buga senti domin hada-hadar yau da kullum a watan Nuwamba na 2025, bayan da kuɗin ƙera kowane guda ya haura senti uku, waɗanda ke cikin gwangwanaye da aljihunan mutane su ne suka rage a duba.